Kawu da 'Yan Ɗaya ga Janairu

Mutum na farko da ya faɗi ƙasa a gidan makokin Kawu ba baƙin ciki ne ya kayar da shi ba. Fasto ne. Ya shigo da sauri da Littafi a hammata, ƙafarsa ta harɗe da wasu sanduna masu raga a kai da ke jingine a bayan ƙofa, sai ga shi rigijib, sanda goma sha biyu a kansa. Goggo, matar Kawu, tana zaune a falo idonta a kumbure. Ta ɗago ta dube shi ta ce, "Sau nawa na gaya masa matankaɗan nan sai sun karya wani?" Sai ta tuna wanda za ta yi wa faɗan ba ya nan, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da kukanta.

Haka aka yi ta zuwa gidan nan na unguwar Withington a Manchester har kwana uku, kowa da irin tasa ta'aziyyar. Matan coci sun kama kicin sun kori kowa. Ɗalibai Musulmi daga unguwar Fallowfield sun zo a jere, sun yi gaisuwa, da lokacin salla ya yi suka shimfiɗa darduma a ɗakin Kawu ba tare da sun tambayi alƙibla ba, don shi da kansa ya taɓa yi musu alama da jan biro a jikin bango. Sai kuma wasu ƙattin Turawa masu karkatattun hanci, kowanne da furanni da kati, suka tsaya a tsakar falo suna sharɓar kuka. Matan coci suka tausaya musu suka zuba musu farfesu, kukan ya ƙaru, wannan karon saboda barkono. Wata tsohuwa da ta zo daga nesa ta daɗe tana kallon sandunan nan masu raga a kai, ta raɗa mini cewa ita fa ba ta san marigayin masunci ba ne.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. A Handsworth nake zaune, can Birmingham, ina aikin jinya. Kwana ukun nan ban zubar da hawaye ko ɗigo ba, har mata suna yaba ƙarfin zuciyata. Ba ƙarfin zuciya ba ne. Kawu ya rasu muna cikin gaba, mako uku ban ɗaga wayarsa ba, kuma akwai wata takarda a jakata da ya roƙe ni na hana shi. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don kuma in faɗi nawa laifin da bakina kafin matan coci su faɗa mini shi.

Karatu ya kawo Kawu ƙasar nan tun ba a haife ni ba, amma tuƙin bas ne ya riƙe shi. Shekara da shekaru yana hawa da sauka a Oxford Road, yana kwasar ɗalibai. A nan ya kamu da ciwon agogo. Idan ya ce ƙarfe huɗu, to ƙarfe huɗu yake nufi, abin da ya sa rabin danginmu ba su taɓa cin abincin bikin da ya shirya ba. Ya taɓa barin Goggo a bakin ƙofa tana ɗaura ɗankwali ya tafi coci shi kaɗai, ya dawo ya same ta a inda ya bar ta, ba ta yi masa magana ba sai ranar Laraba. Yana da wata tambaya guda da ba ta barin bakinsa. Ko labarin aure ka kawo masa, ko na gado, ko ka ce council, wato hukumar gari, ta yi maka alkawarin gida, sai ya sauke tabarau ya dube ka ya ce, "A rubuce yake?" Idan ka ce a'a, ya gama da kai.

Duk da wannan tsanani, babu baƙon da ya sauka a Manchester daga gida bai bi ta hannunsa ba. Shi ke zuwa filin jirgi da rigar sanyi a bayan mota, don ya san za a sauko da shadda ana rawar ɗari. Shi ke kai mutum ya yi rajista da GP, likitan unguwa, ya nuna masa shagon da ake samun daddawa, ya koya masa cewa a nan ba a taya farashin tumatir. Ranar Salla ya kan cika motarsa da ɗalibai ya kai su masallaci, ya zauna a waje yana karanta jarida har a idar. Ni ma da na zo, a ƙaramin ɗakinsa na sama na yi wata bakwai, bai taɓa barin na sayi ko burodi ba.

Bayan ya yi ritaya likita ya ce jininsa ya hau, sai ya riƙa tafiyar ƙasa. Wata Asabar tafiyar ta kai shi bakin wani fili, ya tarar da manyan mutane da hular kwano suna gudu da sanduna, suna cafe wata 'yar ƙwallo da ragar da ke kan sandar, suna jibgar juna. Lakuros ke nan, wasan da ni ban taɓa jin sunansa ba sai a bakin Kawu, ashe a kudancin Manchester ya yi saiwa tun kaka da kakanni. Kawu ya ce ya tsaya ne kawai ya yi dariya, don ya tuna masa ƙwallon gora da suke bugawa da ƙodagon goruba suna yara. Ana cikin haka aka rasa mai riƙe agogo. Wani ya hango tsoho a tsaye ba ya aikin komai, ya miƙa masa agogo da ƙaho. Sun ɗauka taimako suka nema na rana ɗaya. Shekara goma sha biyar ba su sake ganin agogon nan ba.

Daga teburin ƙaramin kulob aka fara gayyatarsa manyan wasanni, har hukumar da ke kula da wasan a nahiyar Turai ta san da zamansa. Duk gasar da ta shirya, Kawu na bakin fili a tebur, shi ke auna lokaci, shi ke tsare ɗan wasan da aka kora na minti ɗaya. An ce akwai wani ƙato da ya roƙe shi ya sake shi saura daƙiƙa biyu, Kawu ya ce ko ɗan cikinsa ne sai ya cika su.

Mu kuwa mun sha karatu. Babu suna, babu biki, babu taron coci da Kawu bai mayar da shi aji ba. Da cokula da kofuna yake bayani a kan tebur. Kowace ƙasa, in ji shi, tana da ƙungiyarta, su ne suka haɗu suka kafa hukumar nahiya, kuma a babban taro ƙasa mai kulob ɗari da ƙasa mai kulob biyu duk ƙuri'a ɗai-ɗai gare su. Wannan ya fi komai burge shi. Idan gasa ta zo, sai a duba inda kowa ya ƙare a wadda ta wuce, a raba ƙasashe rukuni-rukuni, manya da manya, sabon shiga ya fara daga can ƙasa ya yi ta hawa. Alƙalin wasa ba ya hura wa ƙasarsa. Kusan duk masu aikin kuma sa-kai suke yi, wannan malamar makaranta ce, wancan likitan haƙori, da yamma su zauna su tsara wa nahiya guda wasa. Sannan akwai kwamitin tantancewa, masu duba cewa duk wanda ya sa rigar wata ƙasa yana da jininta, ko dai fasfonta a hannunsa, ko takardar da ta nuna a can aka haifi uwarsa ko ubansa. Idan ya kai nan, yawanci kofin da ke matsayin kwamitin tantancewa Goggo ta riga ta ɗauke ta kai wanki.

Wata shekara ya dawo daga gasa da labarin cewa a gefen babbar gasar mata hukumar kan buɗe wani rukuni na baƙi, don ƙasashen da wasan bai kafu a cikinsu ba, ko da ba na nahiyar ba ne, su zo su gwada. Tun daga ranar Kawu bai sake zama lafiya ba. Ya ce kafin ya mutu sai ya ga 'yan matanmu goma sha biyu sun shiga fili da kore da fari, shi yana tebur yana auna musu lokaci. Goggo ta ce ai kuwa zai daɗe a duniya.

Ya bi gida-gida. Ya samo ɗalibai huɗu a Fallowfield, masu karatun digiri na biyu, waɗanda suka yarda don kunyarsa suke ji, daga baya abin ya shige su har suna zuwa laburare da sanda. Sauran takwas 'ya'yanmu ne haifaffun nan, huɗu daga Manchester, huɗu daga Birmingham. A cikin na Birmingham akwai autata, wadda Kawu ke kira Amarya irin wasan kaka da jika, ita kuma tana kiransa tsohon miji da Hausarta mai kama da an taka wa kyanwa wutsiya. Ita ce ta fi kowa gudu, ita ce kuma ta fara dawowa gida da rabin haƙori.

A nan muka ɓata. Yarinya tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun haɗa magunguna, ga jarrabawa a gaba, ga haƙori a hannu. Na kira Kawu na wanke shi tas. Na ce shi ya gama rayuwarsa, ya bar tawa 'yar ta fara tata. Na ce wasan matankaɗi bai taɓa ciyar da kowa ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali, "To na ji. Amma ki aiko mini da takardar haihuwarki, ranar rufewa ta kusa, fayil ɗin Amarya ne kaɗai ya rage." Na ce ko a mafarki. Na kashe waya. Ban taɓa kashe wa babba waya ba sai ranar, kuma maganar da ta zama ta ƙarshe tsakanina da shi ke nan.

Abin da ban sani ba shi ne, ya tura sauran takardun, kuma kwamitin tantancewa ya dawo masa da wasiƙa. Ɗaliban nan huɗu ba su da matsala, koren fasfo gare su. Matsalar tana kan iyayen 'yan nan. Yawancinmu da aka haifa a ƙauye ba mu da takardar asibiti. Sai mutum ya girma zai shiga makaranta ko zai nemi fasfo, a kai shi kotu a yi rantsuwa, akawu ya dube shi sama da ƙasa ya yanka masa shekara. Idan ya tambayi rana aka yi shiru, sai ya rubuta ɗaya ga Janairu ya buga hatimi, a kira na gaba. Mu a wurinmu wannan ba labari ba ne. Amma ka sa kanka a matsayin Baturiyar da ta buɗe fayil bakwai ta tarar iyaye bakwai duk rana ɗaya aka haife su. Wasiƙar cike take da ladabi. Ta ce kwamiti yana da 'yar damuwa game da sahihancin takardun, yana so ya gana da shugaban ƙungiya ta bidiyo, in da hali tare da iyayen.

Mako biyu Kawu ya yi yana neman tara iyayen nan a ɗaki ɗaya. Mutanen Birmingham suka ce don me kullum su ne masu hawa hanya. Mutanen Manchester suka ce me aka ajiye a Birmingham da mutum zai je. Ya ce to a haɗu a tsakiya, a wurin shan mai na kan babbar hanya, duka ɓangarorin suka ce an raina su. Ranar Litinin da la'asar yana zaune a kujerarsa yana ɗaure ragar wata sanda, Goggo ta je kawo masa shayi, ta dawo ta tarar igiyar na hannunsa, shi kuwa ya tafi.

Ranar Alhamis autata ta ja ni ɗakin Kawu ta rufe ƙofa. Ta ɗora mini wani ƙaton fayil a cinya, mai aljihunan leda goma sha biyu, kowace yarinya da nata. Da Turancinta na Birmingham ta bayyana mini cewa ganawar jibi ce, Asabar ƙarfe biyu. Idan ba wanda ya bayyana, an soke su. Gasa ta gaba sai bayan shekaru, kafin nan ɗaliban sun koma gida, sauran sun watse. Ta ce 'yan matan sun zauna sun ga ni ce zan tsaya a madadinsa, don duk dangi ba wanda ya kai ni iya faɗa. Na ce a gidan makoki? Ta ce ai shi ya sa. Ranar Asabar ne mutanen Birmingham za su zo gaisuwa a bas guda, na Manchester kuwa dama suna nan. Abin da Kawu ya kasa da rai, ga shi ya yi da mutuwa, har da abincin rana.

Na kai wa Goggo maganar ina jiran ta kore ni. Ta ce, "Shekara goma sha biyar ina jin kwamitin tantancewa, kwamitin tantancewa. A kawo su in ga fuskarsu."

Na kwana biyu ina karanta fayil ɗin. Na karanta aljihu goma sha ɗaya, na sha biyun ban buɗe ba, don na san na wace ce kuma na san abin da babu a ciki. A gaban fayil ɗin akwai dokokin hukumar, Kawu ya bi su layi-layi da jan biro, wani wuri har takardar ta huje.

Asabar bas ɗin Birmingham ya iso ƙarfe ɗaya da rabi, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihi. Wani ya ce tsoron fatalwar Kawu ne. Falo ya cika har matakala. Aka ɗora kwamfuta a kan teburin da hotonsa yake, ni a gaba, iyaye a bayana cikin baƙaƙen kaya, 'yan mata a tsaye jikin bango. Ƙarfe biyu daidai fuska uku suka bayyana. Shugabar wata Bajamushiya ce mai gajeren gashi, sai wani dattijo mai gemu, sai wata matashiya mai rubutu. Shugabar ta yi murmushi ta tambayi ina mai agogonsu yake, ba ta taɓa ganin ya makara ba.

Ba wanda ya tuna ya sanar da su. Na gaya mata. Matar nan ta cire tabarau ta rufe fuska da hannu biyu. Ta ce gasa huɗu suka yi tare a tebur ɗaya, shi ya koya mata cin goro, ita ta kasa koya masa yin afuwar daƙiƙa ɗaya. Dattijon ya ce a ɗage zaman. Goggo ta miƙe daga kujerarta, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta ce da Turancinta na coci, ba za a ɗage komai ba, mijinta ya ce ƙarfe biyu.

Aka fara. Shugabar ta yi bayani da kunya-kunya cewa ba zargin kowa suke yi ba, amma iyaye bakwai, rana ɗaya, abin da wuyar shiga kai. Na ce mata bakwai ta gani don bakwai aka tura mata. Na juya na ce duk wanda aka haifa ɗaya ga Janairu a ɗakin nan ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi har kan matakala. Fasto ya ɗaga. Goggo ta ɗaga nata, ta kuma nuna hoton Kawu da ɗaya hannun. Matashiyar mai rubutu ta ajiye biro.

Daga nan iyaye suka shiga ba da shaida ɗaya bayan ɗaya, kowa yana faɗin ainihin lokacin da uwarsa ta ce ta haife shi. Wani dattijon coci ya ce shi ranar da motar farko ta shigo garinsu ta maƙale a rafi aka haife shi, shi ya sa ba wanda ya zo barka, duk an tafi turin mota. Wata Hajiya ta ce ita da azumi aka haife ta, ana tsakiyar zafi, kakarta har ta rasu tana yi mata gorin ta sa an sha ruwa a makare. Wata ta ce ana girbin acca. Matsala ta so tashi a kan wasu mutum biyu, wa da ƙane, da takardunsu suka nuna rana ɗaya da shekara ɗaya. Dattijon mai gemu ya tambaya ko tagwaye ne. Wan ya fusata ya ce tagwayen ina, shi ya yi goyon wannan. Rana ɗaya aka kai su kotu, akawu ya jera su ya ga tsawonsu ɗaya, shi ke nan. Ƙanen ya ce ai tun lokacin wan bai ƙara tsawo ba. Sai da Fasto ya shiga tsakani.

Dariya dai an yi, amma na ga shugabar tana juya takardu, dariya ba ta cika fom. Ta ce ta gamsu a ranta, sai dai kwamiti da doka yake aiki, kuma ga ranaku da kowa ya amsa da bakinsa cewa ba daidai ba ne. Na buɗe inda jan biron Kawu ya huda takarda. Dokar cewa ta yi a kawo shaidar hukuma da ke nuna inda aka haifi uwa ko uba. Inda, ba yaushe ba. Kawu ya ja layi uku a ƙarƙashin kalmar. Na karanta mata, na ce kowace takarda a nan ta faɗi gari, ta faɗi ƙasa, ga hatimin kotu. Sannan na ji bakina yana tambayarta, cewa sai ranar ta zama daidai, a rubuce yake?

Dattijon mai gemu ya kwashe da dariya har ya ɓace daga hoton. Da ya dawo yana share ido ya ce shekara goma yana shan wannan tambayar a bakin fili, ya ɗauka ya huta. Suka kashe murya suka yi shawara, muna kallon bakinsu yana motsi. Da suka dawo shugabar ta ce an karɓi takardun bakwai. Falo ya ɗauki guɗa, matan coci suka manta makoki ake yi.

Ta ɗaga hannu ta ce saura abu ɗaya. Rukunin baƙi sai da 'yan wasa goma sha biyu cif, ita kuwa goma sha ɗaya take gani cikakku. Fayil na ƙarshe babu takardar uwa ko uba, kuma yau ne ranar rufewa.

Ba wanda ya dube ni, sai dai duk ɗakin ya san fayil ɗin wace ce. Autata tana jikin bango tana kallon ƙasa, harshenta a kan guntun haƙorin nan. Na jawo jakata. Takardar tana ciki tun washegarin ranar da na kashe wa Kawu waya. Na ciro ta ne da niyyar in aika, na ce bari dai ya ƙara kira sau ɗaya, ya kira ban ɗauka ba, na ce bari ya ƙara. Da ita nake zuwa aiki, da ita nake dawowa, har mako uku. Na warware ta na ɗaga a gaban kwamfuta. Shugabar ta matso tana karantawa, sai na ga kafaɗunta suna rawa don dariya. Ɗaya ga Janairu. Ni da uwata ta ce ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ta haife ni, ana gasa sabuwar masara.

An yi gasar da bazara. Ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba, an lallasa mu a kowane wasa, wata ƙasar ma da na kasa nunawa a taswira sai da ta yi mana kaca-kaca. Amma 'yan mata goma sha biyu sun shiga fili da kore da fari, huɗu da hijabi, kuma a wasan ƙarshe Amaryar Kawu ta jefa ƙwallo ɗaya a raga. Goggo, wadda ta rantse ba za ta taɓa zuwa kallon matankaɗai ba, ita ce ta shiga fili da gudu har alƙali ya fitar da ita. Jarrabawar ma autar ta ci, na faɗa ne don kada a tambaya. Da mai sassaƙa dutsen kabari ya nemi ranar haihuwa, wani ya ce a bar wurin haka tunda ba a sani ba. Goggo ta ce a rubuta ɗaya ga Janairu, ya sha wuya a kanta, a bar masa abarsa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Ranar Asabar ɗin nan, bayan an rufe kwamfuta, mutane sun koma kan shinkafa, na ɗauki fayil na shiga ɗakinsa don in sa takardata a inda ya kamata ta kasance tun tuni. Na buɗe aljihu na goma sha biyu. Ashe ba fanko ba ne. Akwai 'yar guntuwar takarda a ciki da jan biro, rubutunsa mai tsaye kamar na jadawalin bas:

"Ta 'yar ƙanwata. Za ta kawo. Taurin kai ne kawai, irin na gidanmu."

A nan kukan da na riƙe kwana biyar ya zo, na zauna a ƙasa tsakanin takalmansa na yi shi har ya ishe ni. Na yi ta tunanin ya tafi yana fushi da ni, na rasa wanda zan tambaya. Ashe mutumin da bai taɓa yarda da maganar baka ba ya san zan nemi shaida, ya bar mini ita.

Allah ya ji ƙanka, Kawu, ya ba ka hutun da ka hana 'yan wasa ko na daƙiƙa biyu. Ya ba Goggo haƙuri, ya raya 'yan matanka. Na kawo, Kawu. Na makara, kuma na san ra'ayinka a kan masu makara. Amma ka ce zan kawo, kuma a rubuce yake.